Makanikan da suka buɗe wa mota hanyar Sahara

Idan ana ba da tarihin yadda mota ta ratsa Sahara, sunayen kamfanoni ake jerowa: Citroën, Renault, Berliet, Land Rover, Toyota. Kowannensu yana da hotunansa da shekarar bajintarsa, kuma kowanne ya yi talla da hamada son ransa. Amma wanda ya bi diddigin labarin daga 1922 zuwa yau zai ga da wuya a sami motar da ta yi aiki mai ɗorewa a cikin rairayi a yadda ta fito daga masana'anta. Sai an cire mata wani abu an ƙara mata wani, an sassauta nan an ɗaure can, sannan a haɗa ta da mutumin da zai iya tayar da ita idan ta mutu a inda babu gari, babu rijiya. A ganina sana'ar gyara da sauya fasalin mota ita ce ta buɗe hamada, kuma makaniki da mai walda da mai faci da yaron mota su ne suka cancanci kaso mafi tsoka a wannan tarihi, ko da yake su aka fi mantawa da su.

Lokacin da mota ta iso bakin hamada, tsohuwar hanyar ayari da ta tashi daga Kano ta bi Damagaram da Abzin da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus ta riga ta yi sanyi, domin layin dogo ya iso Kano a 1911 kuma fata da sauran haja sun koma bin teku ta Ikko. Faransa ce take da bukatar sabuwar hanya, don ta haɗa Aljeriya da ƙasashen da ta mallaka a kudancin Sahara. A ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar na Citroën suka tashi daga Tugurt a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka isa Tambutu a ranar 7 ga Janairu 1923, tafiyar fiye da kilomita 3,000 cikin mako uku. Waɗannan motoci asalinsu ƙananan motocin gari ne. An cire tayoyin baya aka sa musu ɗamarar roba mai zagaya ƙananan ƙafafu irin ta tankar yaƙi, dabarar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, aka kuma ƙara musu tankunan mai da na ruwa. Direbobinsu makanikai ne, babbansu Maurice Penaud, kuma tun kafin su tashi an riga an kai mai an ajiye a zango-zango a kan hanya. Wato tun tafiyar farko abubuwa uku ne suka ɗauki nauyin aikin: motar da aka sauya wa fasali, mai gyara a cikinta, da tanadin da aka yi a gaba. Irin waɗannan motoci ne, guda takwas, suka bi ta Yamai da Damagaram zuwa Tafkin Cadi a babbar tafiyar da kamfanin ya shirya daga 1924 zuwa 1925.

Ɗamarar roba ba ta daɗe ba. Tana da nawa, kuma duwatsu suna cinye ta da sauri. Waɗanda suka zo yin sufuri na haƙiƙa, mai fasinja da wasiƙu da ranar tashi, taya suka koma wa. Renault ya fito da mota mai gatari uku da tayoyi biyu-biyu a kowane gefe, don nauyi ya bazu a kan yashi, kuma da ita aka riƙa bin hanyar Tanezruft zuwa Gawo. A 1933 Georges Estienne ya kafa kamfanin sufuri na SATT, wanda motocinsa suke tashi daga Aljas su bi In Sala da Tamanraset da Agadas da Damagaram su sauke a Kano. Abin da ya riƙe wannan layi shi ne tashoshin da aka kakkafa a hanya, kowace da mai da ruwa da kayan gyara, da na'urar rediyo da ake sanar da tasha ta gaba cewa mota ta taso. Idan lokacin isowarta ya wuce ba a gan ta ba, sai a fita nema. Duk wanda ya san tsarin ayari zai gane wannan, domin madugu ma ba ya tashi sai ya ƙirga kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya, ya ɗaura harawar da za a riƙa ajiyewa a hanya don dawowa.

Darasin da ya fi fitowa fili daga gabashin hamada ya zo. A shekarun 1920 da farkon 1930 wani hafsan sojan Ingila da ke Masar, Ralph Bagnold, shi da abokansa suka riƙa shiga hamadar Libiya da kuɗin aljihunsu, a cikin motocin Ford na kowa da kowa, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke jan su. Matsala uku suka yi ta fama da su, kuma kowace da dabarar hannu suka magance ta. Ta farko ruwa. Injin da ke fama da yashi a ƙaramar giya yakan tafasa, ruwan lagireto ya fice ta bututun ambaliya ya zube a ƙasa, ga shi kowane kofi da mota ta sha daga bakin mutane aka rage shi. Sai suka toshe duk wata kafa, suka ja bututun ambaliyar zuwa cikin wani gwangwani da aka ɗaure a gefen mota, rabinsa cike da ruwa. Idan injin ya tafasa, tururi ya bi bututun ya shiga gwangwanin ya koma ruwa. Direba ya juya gaban motar ya fuskanci iska, ya kashe ta, ya jira ɗan lokaci. Da lagireto ya huce sai ya zuƙe ruwan ya mayar cikinsa da kansa. Wannan gwangwani shi ne kakan ƙaramin tankin roba da ke gefen lagireton kusan kowace mota a yau. Ta biyu kafewa. A wurin 'yan gwangwan a Alƙahira suka samo wasu dogayen ƙarafa masu kwari a tsakiya, ragowar yaƙin duniya na farko, suka riƙa cusa su a ƙarƙashin tayoyin baya idan mota ta nutse, tare da rage iskar taya. Ta uku sanin gabas da yamma, domin ƙarfen mota yana rikita allurar kamfas. Bagnold ya kafa siririn tsinke a tsakiyar wani faifai mai lambobi a gaban direba, inuwar tsinken ta zama jagora.

Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, Bagnold ya kafa rundunar sintirin hamada mai cin dogon zango a 1940, kuma zaɓin da ya yi yana da ma'ana ga wannan magana. Manyan motocin Chevrolet na 'yan kasuwa ya nema, su ma masu jan baya kaɗai, domin sun fi sauƙin nauyi kuma sun fi tattalin mai. Aka cire musu ƙofofi da gilashin gaba da rufi, aka ƙara ganyen sifirin, aka sa faffaɗan tayoyi, aka ɗaura gwangwanin ruwa da ƙarafan yashi da faifan inuwa. Kowane rukuni yana tafe da makanikinsa da kayan gyara. Da waɗannan motoci suka taso daga Alƙahira, suka haɗu da sojojin Faransa da suka fito daga Cadi, suka far wa Murzuk a Janairun 1941, ta ɓangaren da sojojin Italiya ba su zaci mota za ta ɓullo ba. Bayan yaƙi, faifan ƙarfe masu huji-huji da aka shimfiɗa wa jiragen sama don sauka suka bazu a kasuwannin gwanjo, aka yayyanka su, suka zama abin da ake ratayawa a gefen kusan kowace motar hamada.

Daga nan ne labarin ya fita daga hannun Turawa, kuma daga nan ne rubuce-rubuce suka fara ƙaranci. Kowa ya ji labarin manyan motoci tara da Berliet ya tura suka ratsa Tenere zuwa Cadi daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960, domin kamfanin ya tafi da masu ɗaukar hoto. Amma aikin da ya ciyar da garuruwan hamada shekara da shekaru a gareji-garejin da ba su da allon suna aka yi shi. A Sudan, maƙera da makanikan garuruwa irin su Shandi sun ɗauki Bedford TJ, motar da Ingila ta fara ƙerawa a 1958, suna kwance ta har ƙasa su sake gina ta: su ninka ƙarfen shasi, su ƙara sifirin, su sa manyan tayoyi, su ƙera mata sabon bodi, har ta ɗauki lodin da masu ita na asali ba su taɓa rubutawa a takarda ba. Suna kiranta sifinja, kuma wani masani Bajamushe, Kurt Beck, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan sana'a. Ta ci gaba da aiki a hanyoyin Kurdufan da Darfur shekaru da yawa bayan masana'antar da ta haife ta ta daina yin ta, a yankin da alhazan ƙasar Hausa suka daɗe suna ratsawa zuwa gabas. A namu ɓangaren, gingimarin Mercedes da ke tashi daga Agadas zuwa Dirku da Bilma da kudancin Libiya haka suke. An ɗaga bodinsu, an ƙara tanki, an jera duro-duro na mai a ciki, jarkokin ruwa da aka naɗe da buhu suna reto a gefe don iska ta sanyaya su, kaya sun yi tozo, fasinja a bisa kayan. Kayan gyaransu kuwa daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna har zuwa garejin Agadas suke zagayawa, daga matacciyar mota zuwa mai rai.

Ya kamata a dubi abin da ke faruwa idan irin wannan mota ta kafe, domin a nan ake ganin ilimin. Direban da ya san aiki, da ya ji injin ya fara nishi tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya, nan take zai ɗage ƙafa, don ya san duk ƙarin wutar da ya ba ta rami take haƙa wa kanta har cikinta ya zauna a ƙasa. Yaran mota su diro da shebur, su kwashe yashin da ke gaban tayoyi su yi masa gangare, su cusa faifan ƙarfe har ya taɓa taya. A sassauta iska, domin tayar da aka rage wa iska tafinta yana ƙara tsawo, nauyi ya bazu, ta hau kan yashi maimakon ta yanka shi. Motar ta taka faifan ta yunƙura, yaran su fizge shi da gudu su sake jefawa a gabanta, haka haka har ta kai fako. Can kuma sai a sake ba tayoyin iska, domin taya mai laushi a kan duwatsu gefenta ne ke yagewa, kuma zafi yana cin ta. Shi ya sa direbobin hamada suka daɗe suna son taya mai tif a kan rim mai rabuwa, wadda mutum biyu za su kwance da ƙarfe da guduma su yi mata faci a inuwar motar. Shi ya sa kuma ake son ratsa rairayi mai laushi da sassafe, lokacin da sanyin dare ya sa ya ɗan daskare. Ba a littafin da ke zuwa da mota ake samun wannan ba. A bakin maigida yaro yake koyonsa, shekara bayan shekara, kafin a miƙa masa sitiyari.

Mai musu zai ce wannan duk tarihin dā ne, kuma abin da ya sauya hamada da gaske shi ne motar da tayoyinta huɗu ke ja, wadda injiniyoyin Ingila da Japan suka zana. Akwai gaskiya a nan, kuma ba zan rage wa injiniya hakkinsa ba. Land Rover ta fito a 1948, kuma ita ta yi wa jami'an mulki da likitocin dabbobi da masu safiyo hidima shekaru da dama. Amma sai a tambaya, me ya sa Toyota ta ture ta a Sahel? Land Rover ta dā ta yi suna wajen karya sandar gatarin baya idan lodi ya yi yawa, kuma samun kayanta ya riƙa wuya. Land Cruiser da Hilux sun zo da ƙarfi, sun kuma zo da abin da makaniki yake so: shasi mai kama da tsani wanda za a iya yi wa walda, sifirin mai ganye wanda maƙeri zai iya ƙara wa ɗaya ko ya ɗaure karyayye da waya da katako har a kai gari, da kayan gyara iri ɗaya da ake samu ko'ina. Injin dizal na 1HZ mai silinda shida, wanda ya fito a 1990, ba ya bukatar kwamfuta kafin ya tashi, kuma yana haƙuri da man da aka sayo a jarka. Samfurin Land Cruiser 70 da aka fara a 1984 har yau ana ƙera shi, domin masu aiki a daji sun ƙi sakinsa. Kamfanin da ya yi nasara shi ne wanda ya ƙera motar da ta yarda a taɓa ta. Kada kuma a manta cewa a shekarun 1970 da 1980 Turawa matasa sun yi ta ratso hamada da tsofaffin Peugeot 404 da 504 masu jan baya kaɗai, su sayar a Arlit da Agadas da Yamai, da farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin da shebur da faifan yashi. Har a fagen yaƙi abin bai sauya ba: a 1987 sojojin Cadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota da aka girka wa makamai a baya.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma dole a tsaya a kansa. Ana cewa wannan sauye-sauye da muke yabo shi ne yake kashe mutane. Ganyen sifirin da aka ƙara yana hana mota durƙushewa, amma bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa boris ɗin gatari ba, kuma lodin da aka tula sama yana sa mota saurin kifewa a gefen tudu. Hilux da aka yi don ɗaukar kimanin tan ɗaya, an riƙa ɗora mata mutum ashirin da wani abu, kowa ya rungumi sandar da aka kafa a tsakanin ƙafafunsa, ga jarkokin mai da na ruwa. Wannan gaskiya ne, kuma son kuɗi ne, ba gwaninta ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga kudancin Nijar, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen Mayun 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, su ma motarsu ce ta mutu. Babu mai hankalin da zai karanta wannan ya ce komai lafiya. Sai dai idan aka duba da kyau, abin da ya kashe waɗannan bayin Allah shi ne watsi da ƙa'idojin da sana'ar kanta ta kafa tun zamanin SATT: kada mota ta tafi ita kaɗai, kada a kauce wa rijiyoyi, a sanar da na gaba cewa an taso, a ɗauki ruwan da ya wuce na kwanakin tafiya, a tafi da wanda ya iya gyara da abin da zai yi gyaran da shi. Shekaru da yawa motoci suna tashi daga Agadas ranar Litinin cikin jerin gwano tare da rakiyar soja, kuma wanda ya lalace yana da mai tsaya masa. Da aka fara aiwatar da dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, da yawa suka koma bin ɓarauniyar hanya su kaɗai, nesa da ruwa. An soke dokar a Nuwamban 2023. Mota takan lalace a ko'ina a duniya. A hamada, tsarin da ke kewaye da ita shi ke yanke ko lalacewar za ta zama jinkirin kwana ɗaya ko ta zama makoki.

Akwai kuma masu ganin cewa zamani ya wuce makanikin daji, tunda ga na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam, ga wayar Thuraya, ga sababbin motoci da ba su cika lalacewa ba. Na'urar nuna hanya ta rage ɓata, wannan babu shakka, kuma waya ta ceci rayuka. Amma waya kira kawai take yi, wani ne zai taso da mota da kayan aiki ya yi tafiyar kwana biyu. Sabon injin dizal da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsa yana da ƙarfi da tattalin mai, sai dai ɗan ruwa ko ƙura a cikin man ya isa ya kashe shi, kuma idan wata 'yar na'ura ta saƙo ta daina aiki motar takan ƙi tashi ko ta ƙi gudu, ba kuwa abin da guduma da sufana za su yi mata. Wannan bai kawar da bukatar mai gyara ba, ƙara masa karatu ya yi. Yaron da ke koyon aiki a Agadas ko Damagaram ko Kano yau yana bukatar ya iya karanta na'urar binciken injin kamar yadda maigidansa ya iya sauraron ƙarar boris, kuma makarantun koyon sana'a na Nijar da Nijeriya ya kamata su haɗa masa biyun, har da lissafin iyakar nauyin da gatari da birki za su iya ɗauka, wanda shi ne gurbin da koyon gareji ya fi bari a buɗe.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan tarihi yake salwanta. Sunan Haardt da na Bagnold suna cikin littattafai. Ko bishiyar Tenere da wata babbar mota ta kaɓe a 1973 an ɗauko gangar jikinta an ajiye a gidan tarihi na Yamai. Amma mutanen da suka fara ɗora bodi a kan Mercedes a Agadas, da waɗanda suka san shekarar da Toyota ta fara shiga yankin Kawar, da tsofaffin yaran mota da suka yi gudu da faifan ƙarfe a rairayin Tenere, suna ta tsufa suna mutuwa da abin da suka sani. Ina kira ga Jami'ar Bayero da Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Agadas su tura ɗalibai gareji-gareji da tashoshin mota da na'urar ɗaukar murya, su zauna da waɗannan dattawa, su rubuta sunayen iyayen gidansu da irin motocin da suka gyara da dabarun da suka ƙirƙiro, tun suna da rai.